Shafukan Da Gara Ta Ci

Sidi biyu na saye shi, bakin titi a Kejetia,
a ƙasa, kan buhu, tsakanin takalman gwanjo da wayoyin caji.
Bango ya yage, sunan mai shi ruwa ya wanke,
sai hoton kumbo, rabinsa a wuta, rabi a duhu.

Dare uku na kwana cikinsa a ɗakinmu na Aboabo,
an ɗauke wuta, tocila a bakina.
Matafiya bakwai, iskar da ta rage musu ta kwana tara ce,
tauraron da suka nufa yana ja da baya kamar wanda ake bi bashi.
Na juya shafi.
Ba shafi.
Gara ta riga ni isa ƙarshen labari,
ta lashe, ba ta rage mini ko ɗigo ba.

Na koma wa tsohon mai littattafai.
Ya ce, "Ɗan Zango, iya kuɗinka iya shagalinka.
Sidi biyu ba ya kai mutum har ƙofar gida."

Da asuba na yagi tsakiyar littafin Inna,
wanda take rubuta masu cin waake bashi,
na sauko da mutanen nan da hannuna.
Biyu sun mutu a hanya. Ban so ba,
alƙalami ne ya ƙi jin roƙo.
Na sha mari kan takarda. Kuncina ya manta,
hannuna ne bai warke ba.

Shekara sha ɗaya ke nan.
Duk Laraba bayan lisha muna shagon Mutawakilu mai gyaran rediyo,
mu uku, mu huɗu in Zulaiha ta tashi asibiti da wuri.
Kwabena yakan zo daga Suame da baƙin mai a farce,
ba ya karanta Hausa, amma kunnensa ba ya yafiya:
"Injin nan naka, ko gangare aka tura shi ba zai tashi ba."
Zulaiha ta ce, "Wa ke dafa musu abinci?
Wata shida a sama, ba wanda ya yi ko tari?"
Mutawakilu kuwa damuwarsa alƙibla:
in duniya ta koma ƙwayar gero a taga,
ina liman zai sa goshi?
Mun yi wata biyu ba ma ga maciji
kan ko mutumin ƙarfe yana da gado.

Kawu ya ce, "Kai da ko Tamale ba ka taɓa takawa ba,
me ka ajiye a wata?"
Na yi shiru. Kakansa goro ya biyo har nan,
wata uku a ƙasa da jakai,
zuwa garin da labarinsa kawai ya ji.

Bara na buga nawa a Adum, kwafi hamsin.
Tara sun fita. Uku kyauta.
Ɗaya na gan shi an naɗe ƙosai da shafi na talatin,
daidai inda rana ta biyu ke fitowa,
mai ya sa ta haske fiye da yadda na iya.
Sauran suna kwali, ƙarƙashin gado.

Jiya bayan ruwa na jawo kwalin.
Ta zo.
Ta gina hanyarta ta jar ƙasa, ta bi ta baya,
kamar kullum daga ƙarshe take farawa.

Na ɗaga kalanzir, na daɗe a tsaye.
Sai na ajiye.
Na kakkaɓe guda shida, na hau mota zuwa Kejetia.
Tsohon ya rasu, jikarsa ce kan buhun.
Ta juya, ta duba, ta ce, "Ai wannan ba shi da ƙarshe."
Na ce, na sani.
Sa shi gaba-gaba, inda yara ke tsayawa,
kuma kada ki tsawwala.