Kiwon Ƙara

Shekara talatin ina gyaran rediyo a Tudun Wada,
aikina korar shuuu daga cikin akwati,
in tace murya har ta fito kamar ruwan randa.
Sai ga 'yar cikina, Murjanatu,
ta dawo daga Samaru da kwamfuta mai tsagaggen murfi,
wai ƙarar da nake kora ita take kiwo.

Ta ce manhaja ce, da hannunta ta rubuta,
dare arba'in, fitila ɗaya.
Ba fata, ba tsirkiya, ba ƙwarya,
sai koren zare yana rawa a gilashi
da maɓallan ƙarya da ake murɗawa da ɗan yatsa.

Ta ɗauko kukan injin markaɗen Iya Tasalla,
ta ja shi kamar alewa
har ya koma rugugin hadari a bayan Kufena.
Ta kamo kwaɗin Kubanni bayan isha'i,
ta yayyanka kukansu, suka zama ƙararrawa.
Jirgin ƙasan Sabon Gari kuwa
baya ta juya shi, yana haɗiye usur ɗinsa.

Na ce, wannan kiɗan wa?
Gidan bikin wa za a kai shi?
Ta ce, Baba, sautin da ba shi da uwa nake nema,
wanda kunne bai raɗa wa suna ba.
Na ce, to, Allah ya ba da sa'a,
na koma kan dalmata.

Ashe ta ɓoye makirufo a ƙarƙashin teburina.
Ran Laraba ta ɗora mini abin kunne:
tsss ɗin dalma a bakin ƙarfe,
ɗan tarina na safe,
da tsakin da nake ja in waya ta ƙi kamawa.
Ta ninka su, ta shimfiɗa, ta gina musu zaure mai faɗi,
sai na ji wani dattijo yana tafiya a ciki,
sannu a hankali, kamar mai neman allura.
Ban gane shi ba
sai da ya yi tsaki.

Aka ɗauke wuta.
Batirin nan bai kai minti goma ba.
Muka zauna cikin duhu,
ni da ita da fanka tana ƙarasa juyinta,
ƙyat, ƙyat,
ƙyat.
Na ji tana laluben makirufo.
Na riƙe hannunta, na ce,
wannan kam, bar mana shi.