Lissafin Daren Laraba

Bayan isha'i na ja fitila kusa,
ina jera 'yan langarmu a bayan takardar taki.
Asabar za mu Aujara.

Talle ne ruwanmu, ba musu.
In ya kama ƙafa ya zabura, sai a bi shi da ido.
Amma zagaye uku numfashi ya gudu,
tun da ya koyi taba a tashar Jahun.

Mati doki ne, kafaɗa kamar turmi,
sai dai gwiwar nan tun kaka take ƙara.
Ilu yana da zuciya.
Zuciya kuwa ba ta tsalle.
Bawale yana Fatakwal da baro,
ya ce zai zo. Bara ma ya ce.

Uku da rabi ke nan.
Aujara har da na canji.

Akwai yaro a rugar Jaɓɓi,
ƙaya ta soke shi, na gani da idona,
da ƙafa ɗaya ya tare shanu daga gonar dawa.
Da asuba zan ƙulle goro
in je gaida ubansa.

In ya hana,
zan kwance rawani, in kama tawa ƙafar.