Kafin Ki Shiga Kasuwa

Dijatu, ajiye jakar, zauna nan gefena.
Albashin fari zafi gare shi, na sani,
yana ƙaiƙayi a tafin hannu kamar ƙaiƙayin gero.
Sha ruwa tukuna, ba gudu za ta yi ba kasuwa.

Shekara talatin da ɗaya ina auna yadi
a rumfar da ke kallon masu goro.
Na ga mata sun shigo da kuɗin wata guda,
sun fita da kayan da akwati kaɗai zai sa.
Nakan karɓi kuɗina in yi shiru,
amma ke, ni ce na yanke miki cibiya, ni ce madadin uwa.

Fara buɗe akwatinki.
Rigar da salla biyu ta wuce ba ki nema ba,
ba taki ba ce, ajiya aka ba ki,
ki kai wa mai ita tun ba ta fara ruɓewa.

In kin je, kar ki yarda da ƙwan lantarkin shago,
maƙaryaci ne, kowace atamfa amarya ce a gabansa.
Fito da ita rana.
Dunƙule ta a hannu, ki saki, ki ga ko ta yi fushi.
Jiƙa bakinta da yawu, ki goga a farin ƙyalle,
in ta zuba, miƙa masa abinsa.
Auduga, 'yata, auduga!
Roba ba ta san mutunci ba a zafin Garwa.

Turmi uku nagari sun fi goma na banza,
da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.
Mayafi baƙi, mayafi ruwan toka, ɗaya ruwan ƙasa,
waɗannan ba su faɗa da kowa.

Kai wa Hamajoda tela, can Lopere.
Yana awo, ki ɗaga hannu sama, ki zauna, ki ja numfashi,
kar ki tsuke ciki don kunyar tef.
Ki ce masa babur kike hawa zuwa aiki,
siket ɗin da ya hana ki taka mataki ba ado ba ne, mari ne.
Ya bar rara a kabu, jiki baƙo ne, yau nan, gobe can.
Ya sa aljihu.
In kuma salla saura mako, riƙe yadinki,
tela a lokacin ko sunansa yana mancewa.

Na ga idonki kan lafayar Asta, wadda ta sayo a Kusuri.
Ta yi mata, don doguwa ce, tafiyarta ta raƙuma.
Ke baƙa ce mai sheƙi kamar dabinon da ya nuna,
ruwan goro naki ne, da shuɗi mai duhu.
Man sauya fata kuwa, ko kyauta aka ba ki,
ki wurga shi Binuwai, kifi ma ya yi ta kansa a ruwa.

Takalmi da yamma ake sayensa, ƙafa ta kumbura.
Wankin fari da gishiri.
A juya riga, a shanya ta a inuwa.

Kina dariya? To bari in tona kaina.
Na taɓa zuba jaka arba'in a kan leshi
don a dube ni a bikin 'yar Dudu.
An dube ni kuwa: yini na yi ina susa,
duwatsun wuyan sun yanke ni har jini.
Yana nan ƙasan adaka,
asu ne ya ci moriyarsa, ya bar mini ƙaiƙayin tunawa.

Ungo wannan.
Saƙin kakarki ne, ya girme ki, ya ga wanki ɗari,
dubi yadda baban bai koɗe ba.
Ɗaura in gani.
A'a, ba haka ba, sassauta,
ki bar wa ƙafarki hanyar wucewa.