Agwagwar da Ta Yi Karatu

Babanmu bai taɓa ganin teku ba.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a rigingine
ƙarƙashin jiragen soja a Mando,
baƙin mai har gwiwar hannu,
amma jirgin da ya fi ƙauna
bai taɓa ɗora masa sifana ba.
Hoto ne, yankakke daga tsohuwar mujalla,
manne a bangon shagonsa a Kabala,
tsakanin kalandar dillalin taya da tsagaggen madubi.

Ciki irin na kwalekwale, fukafukai hawa biyu,
wayoyi a tsakani kamar zaren masaƙa.
Ba taya ko ɗaya. Daga ruwa yake tashi, a ruwa yake sauka.
"Agwagwa ce," in ji Baba, "wadda ta yi karatu."

In an ɗauke wuta, ya ja mu kusa, ni da Zakari.
Uku ne suka tashi daga can gefen duniya,
katako da yadi da danƙo,
kan matuƙi a waje, sanyi na tsaga masa kumatu.
Sai ya zazzage gwangwanin ƙusoshi,
ya jera su a benci, taƙi ɗaya tsakani.
Kowace ƙusa jirgin ruwan yaƙi ne,
an girke su a fuskar teku
suna harba haske sama dare guda cur
don kada na sama su ɓata.

Duk da haka hazo ya rufe.
Biyu suka sauka inda ba masauki:
ɗaya, wani jirgin kaya ya kwashi mutanensa,
ɗaya ya yi ta jan karyayyen fiffike a kan igiyar ruwa
har ya hangi tsibiri.
Ɗaya tak ya ƙetare.
"Amma ku ƙirga," Baba ya ɗaga yatsa,
"ruwa bai ci ko mutum ɗaya ba.
An san sunan kowa. An tsaya jiran kowa."

Zakari ya ƙera nasa da gwangwanin madara da karan dawa.
Muka kai shi ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a watan Agusta,
kogi ya cika ya yi ja.
Bai tashi ba. Ya dai yi lilo, ya juya mana baya,
ya bi ruwa har ya zama ɗigo.
Baba ya yi dariya har da tari:
"Rabin aiki ya yi kyau, ai bai nutse ba."

Shekaru suka tafi.
Takardar digiri ta kwanta a ƙasan akwati,
keken haya ya cinye masa baya.
Wata asuba muka tarar da ɗakinsa a share.
Agadas. Sannan shiru. Sannan lambar da ba mu sani ba.
Saƙon murya, daƙiƙa bai cika ba,
iska tana cinye rabin maganar:
gobe za mu hau ruwa, ku ce wa Baba
injin ƙarami ne,
ko markaɗe ba zai yarda a yi da shi ba.

Kwalekwalen roba, mutum ɗari da wani abu.
Ba wanda ya jera musu komai.
Ba wanda ya rubuta sunayensu.

Damina biyu ke nan.
Hoton yana nan, gefensa ya nannaɗe.
Ƙusoshin suna kan benci, sun yi tsatsa,
ba mai taɓa su.

Bayan lisha yakan ɗauki tocila,
ya gangara ta bayan lambunan alayyafo,
ya tsaya inda ruwa ke lasar yashi,
ya haska sama.
Masunta sun daina tambaya.
Inna ta ce in hana shi, ƙafarsa ba ƙwari,
kuma kogin nan sai ya shiga Kwara
kafin ya ga teku, wani tekun ma daban.

Ban hana shi ba.
Ni ce mai sayo batir.