Kafi, Kafin Katanga

Muna haƙa harsashin katanga a Du,
ni da Chuwang, ranar Talata,
sai digarsa ta daina ƙara.
Marmara ja ce, amma ga baƙin tabo
zagaye kamar bakin akushi,
taku ɗaya ga wani, ga wani,
sun jeru, sun lanƙwasa, sun nufi rafi.

Ya ce, "Gurbin turaku ne.
Itacen ya ruɓe, ramin bai manta ba."

Na tsuguna na tona da yatsa.
Tsingaro. Ɗan dutsen niƙa
da ya sha tafin hannu har ya yi sulɓi.
Ga gatarin da kakata ke ce wa na aradu,
ashe mutum ne ya wasa shi,
ya kwana uku yana saran ƙirya guda,
ya jawo, ya kafa,
ya danne gindinta da diddige.

Me kuke tsoro, mutanen da?
Kura, ko gwanki mai kiwon dare,
ko maƙwabcin da rumbunsa ya ƙare
tun acca ba ta nuna ba?
Wa ke jan ƙyaure in rana ta faɗi?
Wa aka taɓa mantawa a waje?

Maigida ya sauke gilashin mota:
"Me ya tsayar da aiki?
A ƙara layi biyu na bulo,
a ɗora waya mai ƙaya a sama."

Muka kwaɓa siminti muka zuba.
Dutsen niƙan na sa a aljihu.
Yanzu da shi Ladi ke murza tattasai.