Lissafin Mai Wanki

Ni ce Arshaluys,
mai wankin asibitin soja a Vanadzor,
can ƙasan bene, inda tururi ke dushe taga
ko da ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu.
Ban yi karatu mai nisa ba,
amma na iya ƙirga.

Ran Talata rediyo ya ce arba'in da ɗaya,
raunin bai yi tsanani ba, suna samun sauƙi.
Muryar mutumin sumul, kamar an shafa mata man shanu.
A Talatar nan na wanke zanen gado ɗari biyu da sha shida.
Na sake ƙirgawa,
don kada in ɗauki alhakin gwamnati.
Ɗari biyu da sha shida.
Jini ba ya fita da ruwan zafi, sai na sanyi.
Uwata ce ta koya mini wannan,
ba ma'aikatar tsaro ba.

Akwai wandunan da ke sauko mini da ƙafa ɗaya a naɗe,
an maƙale ta da fil.
Nakan zare fil ɗin in jefa a gwangwanin shayi.
Kafin rumman ya nuna, gwangwani ya cika,
na nemo na biyu.

Hovsep mai gyaran takalma a bakin gada
shi ma yana da nasa littafin:
ƙafar hagu goma sha tara jere a kan kanta,
ba abokan tafiya.
Ya ce, har na tsufa a sana'ar nan
ban san yadda ake yanka wa rabin takalmi kuɗi ba.

Vahagn ɗan maƙwabciyata Siranush,
mai haura katanga ya tsinke mini tuffa tun tana ɗanya,
yana hawa na uku, gado na bakwai.
Ba ya cikin jerin matattu, mun gode Allah.
Ba ya cikin jerin masu rauni.
Uwarsa ta yi kwana tara a layi.
Taga ta huɗu ta tura ta taga ta biyu,
ta biyu ta ce takardar tana Yerevan,
Yerevan ta ce sirrin ƙasa ne.
Sirri?
Jiya na goge rigar barcinsa,
hannun dama ko yamutsewa bai yi ba.

Sun ba shi fom ya sa hannu.
Ya kalli fom, ya kalli mai fom,
ya yi wata dariya da na ji har ƙasan bene.

Wani jami'i ya sauko da takalmi mai ƙyalli,
yana tsallake kumfa,
ya ce in daina rubuta lamba a bango da gawayi,
abokan gaba suna da kunne.
Na ce, ranka ya daɗe, abokan gaba sun sani,
ai su suka yi harbin.
Mu kaɗai ake rufe wa.
Ya sa aka shafe bangon da farin fenti.
Da tukunya ta tafasa, tururi ya taso,
lambobin suka leƙo ta ƙarƙashi
kamar tabo a jikin tsoho.

An ce tafin hannu ba ya tare rana.
Su da hatimi suke tarewa.

To, injin busarwa ya mutu tun Asabar,
an ce babu kuɗin gyara.
Sai na ɗaure igiya daga bishiya zuwa bishiya a bayan asibiti,
na shanya komai a fili.
Ban ce uffan ba.
Da hantsi sai ga mata a jikin waya,
da gyale baƙi, da jakar gurasa a hannu,
leɓɓansu na motsi.
Siranush ta tsaya a ɗari da tamanin,
iska ta ɗaga zane ɗaya,
lissafi ya ɓace mata,
ta koma farko.