Burodin Tsohon Mahauci

Shekara arba'in Baba na fawa a Kara,
wuƙarsa ta san gaɓar sa
kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida.
Yau haƙora huɗu suka rage masa,
biyu ma suna girgiɗi.
In iska ta kwaso ƙamshin tsire daga bakin titi
ta shigo da shi zaure,
sai ya juya fuska bango
ya ce shi nama ya fita ransa.
Ni kuwa na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Da sassafe na sami Sahabi, yaronsa na da.
Na ce na Baba ne.
Bai ɗora a sikeli ba.
Ya zaro tsokar nan ta cikin baya,
wadda ke kwance jikin ƙashi,
ba ta taɓa jan garma ba, ba ta san wahala ba.
Na miƙa kuɗi, ya harare ni.

Tafarnuwa 'yar Goronyo,
ƙanana, masu faɗa kamar gajeren mutum.
Na ɓare goma, na ƙara uku don mugunta,
na kirɓa da gishiri a ɗan turmi,
na kwaɓa da man shanu da lawashi
har maƙwabciya ta leƙo ta katanga
tana tambayar wa ke mura.

Cuku ne ya ba ni kunya.
Na Illela na fara gwadawa, busasshe,
ya zauna a kasko ya ƙi narkewa,
taurin kai irin na raƙumi.
Dole na je kanti na sayo mai laushin,
na biya ina salati.

Burodin Mabera, mulmulalle, ba yanka.
Na tsaga shi a tsaye,
na ƙwaƙule cikinsa kamar ana gyaran ƙwarya,
na shafe shi lungu-lungu.
Naman ya sha wuta kaɗan, ya huta,
na yanka shi siriri, a gicciye,
yadda na ga hannun Baba na yi
tun ina riƙe masa fitila.
Nama, albasa, cuku,
nama kuma, cuku kuma,
har bakin burodin ya ƙi haɗuwa.

An ɗauke wuta tun jiya.
To, yashi a gindin tukunya,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.
Rana ta Sakkwato na gasa ni,
ni ina gasa burodi.
Ige ta tsuguna gefena tana fifita,
tana ƙirga minti da yatsun da ba su kai ba.

Da na buɗe, gefe ɗaya ya ɗan ƙone.
Na kankare, na juya shi ƙasa.

Baba ya gutsura.
Cukun ya biyo hannunsa, zare-zare,
ya yi ta ja, abin ya ƙi tsinkewa,
Ige ta faɗi ƙasa don dariya.
Ya sa a baki. Ya rufe ido.
Dasashi ya yi aikin da haƙori ya ajiye.
Mun yi tsit,
har kukan kurciya muna ji a kan darbejiya.

Can ya ce, "Wa yay yanka naman ga?"
Na ce ni ce.
"Tsokar Sahabi ta. Bijimi na, bai wuce shekara ukku ba.
Amma wuƙarki ba ta da kaihi."

Bai ce ya yi daɗi ba.
Ya cinye tsakiyar, ya tura wa Ige ɓawon,
ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar na ji ƙara a zaure,
ƙarar da gidan nan ya manta:
ƙarfe a kan dutse, a hankali, a hankali.
Wuƙata ce a hannunsa.